Maiƙon da Muka Tarar

Zuwa ga Yaya Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun takarda, alhali na san idanun ba kamar da ba. Da waya zan kira, to na san halinka, sai ka buɗe murya kowa a zaure ya ji, maganar kuwa ba ta zaure ba ce. Ina fata kana lafiya, da mutanen gida da masu ɗaukar karatu. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau. 'Yarka tana samun ƙarfi tun bayan haihuwar, amaryar taka kuma ba ta da aiki sai tsotso da barci. Hancinka ta ɗauko, Allah ya sa ta tsaya a nan.

Tambaya ce da ni. Gidan da suke ciki na haya ne, a saman bene, kicin ɗin ɗan ƙarami. A saman murhun gas akwai wani inji kamar rumfar ƙarfe, idan an kunna shi yana zuƙe hayaƙi da tururin girki, ƙasansa kuma raga ce guda biyu. Haka suka tarar da shi, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube shi. Ni ma ban duba ba, sai ranar da nake juya miya, tururi ya tashi, na ga wani abu mai kauri kamar zuma ya ɗigo tsakiyar tukunya. Da na ɗaga kai, ashe maiƙo ne ya daskare a ragar har ya toshe idanunta, zafi ne ke narkar da shi.

Na tambayi mai kula da benen su waye suka zauna kafin su. Ya ce ɗalibai ne samari, daga wurare daban-daban, wannan ya fita wancan ya shigo. Na ce me suke soyawa? Ya yi dariya ya ce shi shara aka ɗauke shi kwashewa, ba leƙen tukunya ba.

Na zubar da miyar na sake wata. Yanzu a murhun gaba nake girki, tukunya a rufe, su kuma ina zuba musu, don ban ce haram ba ne. Na tuna karatun da Baba ya yi mana, cewa ba a hukunta abu da najasa a kan zato. Kaina ya yarda, maƙogwaro ne ya ƙi. Burodi nake ci, da shayin da na dafa a butar lantarki, sai 'ya'yan itace.

Na faɗa wa 'yarka. Ta ce wai na fara, ta kuma roƙe ni kada mijin ya ji, don ya sha wuya kafin ya samo gidan, idan aka ce masa akwai najasa a ciki ba zai ji daɗi ba. To ga inda aka kwana: surukin naka ya lura ba na cin abincin gidansa. Ka san a banki yake aiki, ka kuma tuna lokacin auren na tambaye ka hukuncin albashinsa, maganar ta je kunnensa. Shi a ganinsa ita ce ta dawo. Ya ce wa matarsa idan Inna tana ƙyamar abin da yake nemowa ne, a faɗa masa ya sani. Yanzu a waje yake cin abincin rana, gaisuwa kuma daga bakin ƙofa, a tsaye. Jiya na ga 'yarka tana shayarwa tana share ido da bakin mayafi. Ni kuwa ba zan iya zaunar da suruki ina masa bayanin cikina ba.

Ka duba mini: maiƙon da ba a san asalinsa ba, idan ya ɗiga a abinci, mene ne hukuncinsa? A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Innar yara

Zuwa ga Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, har yau amsarka ba ta iso ba. Ban ce ka ƙi ba, na san hidima. Ga abin da ya faru a tsakani.

Ranar da suka kai amaryarka rigakafi, na ce bari in kawar da abin da hannuna. Na kashe wutar injin daga bango, na taka kujera. Kowace raga tana da ɗan maɓalli, ana dannawa ta sauko. Na jiƙa su a baho da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ruwan ya koma kamar romo, na zubar na sake. Da maiƙon ya saki na bi idanun ragar da tsohon burushin haƙori, a hankali don kada ta lanƙwashe, na ɗauraye na jingine su a baranda su bushe sarai. Jikin injin kuma na goge da tsumma mai laushi, ban sa soson ƙarfe ba. Ashe abin fari ne, Yaya.

Da nan na tsaya da shi ke nan. Sai na hango a bayan inda ragar take akwai wani baƙin abu zagayayye kamar faifai. Na murɗa shi ya fito. Na sa shi a ruwa, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ka san yadda aka koya mana, ana wanke najasa har sai ruwa ya fita ba launi ba wari. Na sake ruwa, baƙi. Na sake, baƙi. Ina istigfari ina cewa wane irin abu yaran nan suka soya haka. Na jijjiga, na matsa, na kai shi ƙarƙashin famfo, har ɗinkinsa ya buɗe, wasu ƙananan baƙaƙen tsakuwoyi suka zube a baho. Na murza ɗaya a yatsa. Gawayi ne. Ni da na girma a gindin murhu, na ɓata hantsi guda ina neman gawayi ya yi fari.

A haka suka shigo suka same ni, baƙi har gwiwar hannu. Surukinka ya tsaya a ƙofar kicin da jakar jaririya a kafaɗa. Bai dube ni ba, matarsa ya tambaya me ya samu injin. Ita kuwa dariya ta kama ta har sai da ta zauna a ƙasa tana dafe ciki, cikin dariyar ta kwashe komai ta faɗa masa, da ɗigon da ɗaliban da burodin. Sai ya tambaye ta wai maiƙo ne kawai, ba bankin ba? Ta ce wallahi maiƙo ne. Ya sake tambaya, ta sake rantsuwa. Sai ya ajiye jakar ya durƙusa ya gaishe ni sosai, kamar a ranar na iso.

Ya yi bayani, yana kallon bahon, cewa wannan faifan ba a wanke shi. Gawayin ne ke shanye wari, ruwa kuma kashe shi yake yi, idan ya tsufa sabo ake sawa. Ya ce ko ban taɓa shi ba ya daɗe da mutuwa, kada Inna ta damu. Ya ƙara da cewa ɗaliban nan da sun san wadda za ta gaje su da sun riƙa dafa ruwa zalla. Washegari ya sayo sabo ya ɗaura da kansa, ya ce wankin ragar kuma daga yau nasa ne, duk wata.

Gida ya daidaita. Yana dawowa cin abincin rana, 'yarka ta koma surutunta. Ni dai na ce cikina ne bai gama warwarewa ba, ina kan shayina, sun kuma ƙyale ni zuwa Asabar. Ranar ya ce shi zai shiga kicin ya soya wa Inna kifi da hannunsa, a zauna a ci tare. Suya kuwa ka san ba a rufe ta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, lokacin da na cire faifan na leƙa ciki. Akwai fanka can sama, fikafikanta duk wannan tsohon maiƙon ne, hannu ba ya kaiwa sai an kwance injin gaba ɗaya. Yanzu sabon gawayi da raga mai tsabta suna tsakaninta da tukunya, kuma tun ranar ban ga ɗigo ba, na duba da farin faranti. Idan na ta da maganar fanka, ko na janye hannu daga kifin, ba rantsuwar da za ta sake gamsar da shi, 'yarka ce kuma za ta zauna da abin bayan na tafi.

Na riga na yanke, ranar Asabar zan yi bismillah in ci, in ƙara. Amma na fi son in ci da maganarka a hannuna. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ko layi biyu ne, ka ba direban da ya kawo wannan.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Innar yara