Zanen da Ka Bari a Ƙofar Shagon Mama

Zuwa ga abokin aikina Chinedu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya a can ƙasar sanyi. Na rubuto a fili ne saboda saƙonnina na waya kana buɗewa ka yi shiru. To, bari jama'a su taya ka karantawa.

Ka san yadda muke aiki tun muna ɗalibai a Samaru: kai ke gani, ni ke tabbatarwa. A ba ka matris, lambobin nan da ake jerawa layi-layi cikin akwati, kafin in buɗe biro ka zana filin da ƙimominsa ke mamayewa. Na mai layi biyu kamar ƙwai yake, kowa ya sani. Mu mai layi huɗu muka sa a gaba: yaushe gefen filin ke miƙewa sak maimakon ya lanƙwasa?

Ofis ba ya yi maka, sai bayan ƙofar ƙarfe ta shagon Mamarka a Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari. Kowace Asabar in hau bas zuwa Sabon Gari, kana zane da alli, ina kan buhun garin rogo ina lissafi. Mama ta leƙo ta ce, "Rifkatu, wannan ƙwan naku yaushe zai ƙyanƙyashe?"

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyarka ka kewaye wani lungu na zanen ka ce, "Nan ne, ai a bayyane yake." Na ce ka rubuta dalilin. Ka ce da zarar ka sauka za ka turo.

Chinedu, ba a bayyane yake ba. Damina ta wuce ta sake dawowa ina kan lungun nan. Na ɗauki hotonsa, amma hoto bai ɗauko abin da ke kanka ba. Sauran hujjar duk na gama, matakin nan kaɗai ya rage, kuma in babu shi takardar bincikenmu ba ta tsayuwa. Abokan aiki sun ce in cire sashen, in cire sunanka, in tura abina. Na kasa, kuma haushin kaina nake ji da na kasa.

Mama ta hana kowa goge zanen. Yanzu ciwon ƙafa ya sa ta bar shagon, sabon ɗan haya zai yi fenti ran Asabar. Jiya na same ta zaune a gaban ƙofar. Na zaci lissafinmu za ta tsokana, sai ta ce, "Ke yana amsa miki?"

Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Ta ci gaba da kallon allin.

Ubangiji ya kiyaye ka, ɗan'uwana, ya raba ka da abokin aikin da zai ce maka "a bayyane yake" ya hau jirgi. Ka fara kiran Mama. Ni na saba da jira.

Taka a Samaru,
Rifkatu