Kwanon da Ke Dawowa a Rufe

Laraba, 1 ga Satumba, 1954

Kwanon ya sake dawowa a rufe. Kwana tara ke nan. Tuwon dawa ne, miyar kuka, man shanu da na soya da albasa, amma ko faifan bai ɗaga ba. Na sani, don na ɗora tsinke a kai, kuma tsinken na nan inda na bar shi. 'Yata Zara ce ta ɗauko daga ƙofar shagonsa, tana tafe tana nishi da cikinta na wata takwas. Na ce ta zuba wa kaji, su ma su san mijina marigayi Goni ya bar gado.

Yayan Zara nake nufi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, magana ma sai ta bakin wani. Haka uwata ta yi wa yayana, haka duk mace mai kunya take yi a Fagge. Ko a littafin nan da ba mai buɗewa sai ni, alƙalamina ba zai rubuta sunan ba.

Asabar, 4 ga Satumba

Na matsa wa Zara har ta faɗa. A Sabon Gari yake ci. Wata mata Ibo, wai ita Philomena, tana da rumfar abinci kusa da kasuwa, can ma'aikatan jirgin ƙasa ke zuwa da rana. Yau fiye da shekara yana zuwa, kullum, ba fashi. Da can yakan taɓa nawa da yamma ko don idon mutane. Yanzu ya daina wahalar da kansa.

Ɗan Goni guda. Mutumin da ubansa ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau biyu, shi ne zaune a benci a bakin titi, kowane mai keke na ganin lomarsa. Ubansa har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa ganin yana tauna ko gyaɗa a waje. An ba shi aikin akawu a tasha, an ba shi gajeren wando da agogo, sai ya ɗauka ciki ma sabo aka ba shi.

Kuma a Sabon Gari. Bayan abin da aka yi bara.

Lahadi, 5 ga Satumba

A rufe.

Talata, 7 ga Satumba

Matan da nake koya wa karatu sun zo da hantsi. Ina nuna musu baƙi a allo, Gumsu matar mai dukan baƙin yadi ta ce, wai ba don gulma ba, mijinta ya ga ɗana yana shan miya mai manja har yana siɗe yatsa. Na ce mata wata uku ke nan tana fama da harafi ɗaya, gara ta bar miyar wasu ta dubi allonta. Sauran suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Na tambayi Zara me ake dafawa a wurin. Sakwara, teba, shinkafa, wata miyar ganye mai ɗaci. Miyar da sai an wanke ɗacinta sau bakwai kafin a ci, ita ta kayar da miyata. Na tambayi naman. Ta ce wajen mahautanmu take saye, yayanta ya tabbatar. To, sai me? Bokan ma da bisimilla yake farawa.

Juma'a, 10 ga Satumba

Na yi burabusko da miyar yakuwa, irin na dangin ubansa, wanda surukata ta koya mini tana zagina da Barbarci. Yana yaro in na yi shi sai ya kankare tukunya, ina kallo ta wutsiyar ido ina yi kamar tsintar wake nake.

Ya dawo a rufe. Ban bai wa kaji ba, ban kuma ci ba. Yana nan.

Litinin, 13 ga Satumba

An mai da shi Jos. Ranar ɗaya ga watan gobe zai tafi. A tsakar gida ya tsaya, ina ɗaki, ya ce wa Zara ta gaya wa Inna. Na ce wa Zara ta ce masa Allah ya sa a dace. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba.

Daga baya ta ce shi ya nemi a mai da shi. Ba wanda ya kore shi.

Kwana goma sha takwas. In ya fita gidan nan bai sa hannu a kwanona ba, na san ba zai sake sawa ba. Ubansa ma haka yake, in ya juya baya ko ƙaho aka busa ba ya waiwaye.

Laraba, 15 ga Satumba

Sabon salo. Wai kafin ya tafi yana so ya kai ni rumfar matar nan, mu zauna mu ci abinci tare, ni da shi, a tebur, kamar yadda ya ga mutanen Kudu na yi da iyayensu ranar Lahadi. Zara na faɗa tana kallon ƙasa.

Na ce ta tambaye shi ko in taho da kalangu, tunda wasa za a yi da ni. Ni Yakaka, shekara arba'in da bakwai, in buɗe baki in sa loma a gaban ɗan fari, a gaban leburorin tasha. Na karanta littattafan fiƙihu da ubansa ya bari kaf, na karanta na boko da ke shigowa hannuna, ban ga inda aka ce uwa ta bi ɗanta gidan wata don a ciyar da ita ba.

Yana jin komai ta bayan zana. Na ji takalminsa ya fita.

Litinin, 20 ga Satumba

Mun yi da Zara yau. Ina ta faɗa a kan matar nan, cewa wani abu take barbaɗa masa, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Inna, ba barbaɗe ba ne. Ranar da ya dawo bara, ko kai ba ki ɗaga ba."

Na san ranar. Rikicin da aka yi cikin azumi tsakanin mutanenmu da na Sabon Gari. Ya fita aiki ranar Asabar, bai dawo ba sai Talata. Ana ta shigowa da gawa da masu rauni, kowace uwa a unguwar nan ta fita tana kururuwa da sunan ɗanta. Ni da wane suna zan yi? Da ya shigo ina tuƙa tuwo. Na ce wa Zara a ba shi ruwa. Ban tambayi inda ya kwana ba, har yau ban tambaya ba, don uwa ba ta bin sawun ɗan fari a gaban mutane.

Abin da Zara ba ta sani ba, kwana ukun nan da ruwa kawai nake buɗa baki. Da na ji sallamarsa muciya ta kusa faɗuwa, sai na ƙanƙame ta. Tuwon ranar duk gudaji ne. Mai ido da ya gani.

Na ce mata ta ɗauki tsintsiyarta, haihuwa na nan tafe, za ta gane.

Alhamis, 23 ga Satumba

Na je. Da hantsi, lokacin da na san yana tasha. Na ja mayafi na ƙetara, niyyata in ga fuskar matar da ta raba ni da ɗana in gaya mata abin da ko a kotun alƙali za a maimaita.

Rumfar kwano ce, benci uku, tebur biyu, hayaƙi. Tsaf take, dole in rubuta gaskiya, tukwanenta sun fi na Gumsu haske. Ita kuwa gajeruwa ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni, da furfura a goshi. Kafin in buɗe baki ta dube ni ta ce ta san ni, hancina da nasa iri ɗaya ne. Sai ta kira sunansa tsirara, gatsal, kamar mai kiran akuya. Hausarta duk ta mai da mata maza, amma ana ganewa.

Na ce na zo in ji abin da take zubawa a miya da ya sa ɗan mutane ya manta hanyar gidansu. Ta ce gishiri da barkono. Na ce mu ma Fagge ba toka muke zubawa ba. Ta ce to in zauna, tsayuwa ba ta ƙara wa faɗa daɗi.

Ban zauna ba. A tsaye na ji sauran.

Tana da ɗa, Ikechukwu, tare suke aiki da nawa a ɗakin ajiyar kaya. Ranar da abin ya tashi hanya ta rufe musu ta wajen Sabon Gari, sai ya jawo nawa ya kawo shi nan, suka tura shi bayan buhunan garin rogo. Kwana uku. Ta san yana azumi, sai ta riƙa duban rana, in ta faɗi ta miƙa masa ruwa da abinci. Samari sun zo har sau biyu suna tambaya ko akwai ɗan Arewa a ciki, ta tsaya a ƙofa da ludayi ta ce sai dai su shiga ta kanta. Ranar Litinin Ikechukwu ya fita ya dubo ko hanyar Fagge ta buɗe a mai da baƙo gida. Bai dawo ba. A wajenmu aka tsinci gawarsa.

Ta nuna mini ƙarshen benci, jikin bango. Ta ce har yau hannunta ba ya iya rage awo, kullum sai ta dafa da rabonsa. Nawa ne ke zuwa ya zauna a wurin ya cinye.

"Ban kira shi ba, Mama. Shi yake zuwa. Na ce masa je ka ci na uwarka, ya ce uwarsa ba ta san ya ɓata ba."

Na ce mu ba ma kiran sunan ɗan fari, kunya ce, girmamawa ce, ba ƙi ba ne. Ta ci gaba da juya miya. Ta ce ita kullum tana kiran sunan nata, ba mai amsawa.

Jiniyar tasha ta yi kukan sha biyu. Na juya zan tafi kafin ya iso, ta cusa mini langa mai zafi a hannu, ta ce in ba zan ci a titi ba in ci a ɗakina. Ban yi godiya ba. Na bi ta wani lungu daban.

Juma'a, 24 ga Satumba

Na ɗanɗana jiya, don in san abin da zan zaga. Manja ya yi yawa. Ɗacin bai kai yadda ake faɗa ba.

Shekara ɗaya da wata huɗu yana ɗauke da wannan, bai gaya wa kowa a gidan nan ba. Wa ya koya masa rufe baki haka? Ina jin haushinsa, ina jin haushinta, har da Goni da ya mutu ya bar ni da ɗa mai irin halina.

Talata, 28 ga Satumba

Ana cikin karatu Gumsu ta ce an gan ni a Sabon Gari da langa. Na ce an gani daidai, ta buɗe shafi na huɗu.

Juma'a, 1 ga Oktoba

Na yi burabusko tun da safe. Zara ta miƙo hannu za ta ɗauka, na ce ta zauna, mai ciki ba ta yawo da zafi. Ni na kai. Yana ɗaure akwati, ya ɗago ya gan ni a ƙofar shagon, wurin da ban taka ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Na ajiye kwanon, na zauna a dokin ƙofa na ba shi baya.

Sannan na ji faifai ya ɗagu.

Ina kallon bangon zaure na ce na je wurin matar. Ya ce ta gaya masa. Na ce kwana ukun nan ban ci komai ba, kuma ba zan sake faɗa ba, ya riƙe. Ban ce a gaya masa ba. Shi na gaya wa.

Sai ƙarar kankarar kwano, irin ta da.

"Akwai saura, Inna?"

Na ce akwai, amma ba a shago ake rabawa ba, mai so ya biyo ni madafa. Ya biyo.

Jirginsu ya tashi bayan sallar Juma'a. Ban je tasha ba, ba a yi haka ba.

Laraba, 6 ga Oktoba

Langar matar nan na wurina tun kwana goma sha uku, kuma ba a mai da kwanon mutane fanko. Don haka kawai na zuba mata dambu da zogale na kai. Rana ta take tsaka lokacin da na isa, ba da gangan ba. Ƙarshen bencin ba kowa, ta riga ta zuba abinci ta ajiye a wurin, tana tsaye tana kallonsa. Ƙafata na ciwo, dole in zauna a wani wuri. Na juya fuskata bango. Har yanzu manjan ya yi yawa, na gaya mata. Ta ce dambuna ya bushe. Ƙarya take, ta cinye.

Ta sake cika langar, ga ta nan kuma a ɗakina.

Wasiƙa ta zo daga Jos, ba ta hannun Zara ba, sunana ne a bayan ambulan. Wai sanyi, wai abincin can ba gishiri. Zan aika masa daddawa da kuka ta hannun mai duba tikiti. Dole a rubuta sunan mai kaya a jikin ƙunshin, in ba haka ba ya ɓata, kuma rubutun Zara kamar tafiyar kaza. Bari in gwada alƙalamin a nan tukuna, kada ya yi dabbare.

Sammani.

Alƙalamin lafiya lau.