Na shiga ƙarƙashin motarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Garba mai albasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na zo maka da labari, kuma na san da kana raye sai ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Maganar motarka ce, doguwar nan da kake ɗauko albasa da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, ni nake tuƙa ta, da ita nake ciyar da gidan. Watan jiya ta fara hayaƙi kamar ana bandar kifi, ta mace mini a tsakiyar Iyana Ipaja. Direbobin danfo, bas ɗin hayar nan, suka yi mini ca da Yarbanci, ni ma na rama da Yarbancin.

Yaya Sani ya ce ya isa haka, a sayar wa 'yan gwangwan a sayi wata. Har ya samo wata ja, tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, fenti sai ɗaukar ido yake. Inna ta ce duk abin da muka yanke. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don ƙarfinmu na abu ɗaya ne, ko gyara ko saye. In muka kuskure, sana'ar ta tsaya.

Ka tuna yadda kake ba mu kunya? Duk shekara kafin damina sai ka shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ka shige ƙarƙashin mota da gwangwanin baƙin mai da tsumma, ka shafe ta tas. Inna na faɗa saboda riga, mu muna ɓuya kada ƙawayenmu su gan ka. Kai kuwa sai ka ce, "A Kano inji ake dubawa. A Legas ruwa ke cin mota, kuma ta ƙasa yake farawa."

Ranar ganin jar motar na bi Yaya. Shi da abokansa suka buɗe bonet, murfin gaba, suna sauraron inji suna gyaɗa kai. Ni na tattare hijabina, na shimfiɗa buhu, na shige ƙasa da sukudireba. Dillalin motar ya leƙo yana cewa, "Madam, wetin you dey find?" Wai me nake nema. Ban kula shi ba. Suka ɗaya na yi, Baba, sukudireban ya shige kamar a burodi, tsatsa ta zubo mini a fuska. Ashe baƙin fenti aka rufe ɓarnar da shi.

Da muka dawo gida na yi wa taka haka a gaban Yaya. Na soki gaba, na soki baya, ƙarfe sai ƙara yake, ko lotsawa bai yi ba. Damina biyu na yi sakaci ban shafa komai ba, amma manka yana nan ya riƙe ta. Na ga shatin yatsunka a jikin ƙarfen. A nan kwance na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarka.

Yaya dai ka san shi, bai ce na yi gaskiya ba. Waya kawai ya zaro ya kira makanike. Aka sauke inji aka gyara, sauran kuwa ba a taɓa ba. Yanzu abokan nasa in sun gan ni sai su ce "ga oga nan", ni kuma in amsa, don na ci sunan.

Jiya na tayar da ita zan fita kasuwa, hayaƙi ko ɗis. Sai ga Inna ta fito da mayafinta. Tun da aka ɗauke ka ba ta ƙara shiga motar ba, ko kallonta ba ta son yi. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta gyara zama ta ce, "To direba, mu je." Har Mile 12 muka je muka dawo, baya cike da albasa, tana ta yi mini faɗan gudu.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata makwancinka, Ya sa duk loma da wannan mota ta kawo gidan nan ta zama lada a gare ka.

'Yarka mai kewarka,
Balaraba