Faranti Ɗaya da Ya Rage a Aikin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya yara. Mama ta samu sauƙi, sai dai har yau idan ta zuba shayi kofi biyu take ɗaukowa, sannan ta mai da ɗaya. Allah Ya ji ƙan Baba.

Yaya, na kasa faɗa maka wannan a waya. Ka san shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a ɗakin gwaje-gwaje yana bin yadda ƙwayar yis, wadda ke kumbura burodi, take haɗiye abu. Fatarta ce ke lotsawa ciki, zaren da ake kira aktin ya taru ya tura ta. Wasu sinadarai da ake ce wa furotin ne ke kiran zaren, wasu su tsare shi sai lokaci ya yi, wasu su kwance shi bayan an gama. Yakan ce kamar magina ne, kowa da lokacin zuwansa. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa cire furotin ɗin don ya ga me zai lalace, har ya tara irin yis ɗari biyu a firiza, kuma ni ya bar wa amanarsu.

Da firizar ta fara ciwo, na shuka su duka a farantai don in mai da su cikin sabuwar firiza, ita kuwa tsohuwar ta mutu washegari. Salatif ɗinmu ya ƙare, sai na ɗaure farantan da mai ratsi-ratsi, na ruga kai Mama asibiti. A ɗakin gwajinmu duk abin da aka ɗaure da wannan shara ne. Baiwar Allah mai wanke mana kwalabe ta yi aikinta daidai, ta dafa su a tukunyar tururi, duk suka mutu. Ta yi ta kuka tana neman gafara, na ce mata laifin nawa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, ji nake kamar mun sake binne Baba.

Faranti ɗaya ya tsira, wanda na manta kusa da madubin hangen ƙwayoyi. Irin da Baba ya cire wa mai tsarewa ne, zarensa yana taruwa tun lokaci bai yi ba, haɗiyar ba ta tafiya daidai. Da na juya farantin sai na ga lambarsa, na duba littafin Baba. A gefenta ya rubuta sunan da yake tsokanata da shi: Sarkin Sauri. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa.

Da wannan irin zan sake farawa, a hankali. Ka yafe mini, don kai ma gadonka ne na dafa.

Mama da Goggo suna gaishe ka. Ka gaishe mini da matarka da takwaran Baba.

Ƙanwarka,
Sarkin Sauri