Turancin da Suke So

Yaya Eulalia,

Gaisuwa daga Los Angeles. Ya ƙafar Mama? Mu lafiya lau, sai dai 'yata Xiomara.

Masu talabijin sun sake cewa ta fito a 'yar aiki mai guntun siket, kuma ta gurɓata Turancinta irin namu na baƙi don masu kallo su yi dariya. Na ce, "Kwaikwaye ni mana, yau jahilcina ya yi rana!" Sai ta fashe da kuka. Washegari ta faɗa musu ubanta ba abin dariya ba ne. Suka sallame ta.

Yanzu ko abinci ba ta ci. Barkwancina ya ƙare, Yaya. Don Allah ki kira ta.

Ƙaninki,
Casimiro