Sunan Jirgin Alhaji Labo

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ne Alhaji Labo na Malbaza, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya bisa sitiyarin kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin nan da Kwatano bai taɓa take ko kazar wani ba, kuma mai jirgin ruwa ɗaya tilo daga Konni har Tawa. Ina rubuta wagga takarda da hankalina cikakke. Ido ne likita ya yi wa aiki ya ɗaure, bai taɓa kunne ba, kuma duk abin da anka faɗi a zauren gidana yana iske ni nan Konni inda nake kwance. Kada wani ya tambayi yadda mai ɗaurarren ido ya yi rubutu. Ku dai zauna, ku ɗiyana uku, Liman ya karanta muku, domin jikina na gaya mini tafiya ta kusa.

Na ɗaya. Gida da gonar Bazaga da awaki, a raba su yadda Allah ya ce. Liman ya fi ni sani, ba zan ɓata tawada a kansu ba. Abin da ya tashe ni zaune shi ne jirgina.

Na ji shawarar da kunka yi tun randa anka kwantar da ni. Ranar Asabar da safe Ɗahiru mai sayen tsohon ƙarfe zai zo bayan gida da wutar yankan ƙarfe, ya yi wa jirgin gunduwa-gunduwa, ya aza a sikeli. In na dawo kuma ku ce mini an kai shi gyara. Gyara ina? A cikin buhu?

Bari in tuna muku, tunda kun manta. A shekarar da zan aje aiki na gan shi a bakin teku, jingine kan rairayi, tsohon jirgin jan koma ne da ya gaji. Tsawonsa taku goma sha biyar, akwai ɗakin kwana mai gado biyu, da wurin girki, da ɗakin sitiyari mai taga uku. Na ce da ni da shi duk mun yi ritaya, sai mu yi ta tare. Kwana tara munka yi da shi a bayan tirela. Duk shingen da munka tsaya sai jandarma ya zagaya shi, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Alhaji, takarda ta cika, amma ina ruwan?" In ce masa ruwan na barajin Mozage, inda anka datse ruwa, can zan sa shi, can zan kwana in tashi, in jefa fatsa in yi tasbihi, ba mai buga mini ƙofa da shari'ar akuya.

Shekara shida muna gyara, ni da jikana. Mun kankare tsatsa har ta zama tuwonmu. Mai walda ya toshe rami goma sha huɗu. Mun shafe ƙasansa da kwalta, samansa da shuɗin fenti. Bara injin ya tashi, awakin unguwa sunka tsinke igiya, yara sunka yi ta kabbara. A cikin shekara shidan nan ba wanda ya miƙo mini ko burushi daga cikinku. Dariya dai kun ba ni, wadatacciya, kuma na adana ta duka. Yau zan mayar wa kowa da tasa.

Na biyu. Kai Babba. Kai ne ɗan fari, bakina bai taɓa kiran sunanka ba, alƙalamina ma ba zai fara yau ba. Kai ka kai Ɗahiru bayan gida ranar Talata, ka buga cikin jirgin da takalmi, ka ce, "Kada ka ji komai, abin da ko suna ba shi da shi ai ƙarfe ne." Na ji, kuma ka yi gaskiya. Don haka za a yi masa suna, kuma farin ragonka mai baƙin wuya, wanda kake ba dusa da hannunka kana jiran Layya, shi ne ragon. Bayan wannan na bar maka gadon wani wuri ƙarƙashin inji da hannu bai kai ba tukuna. Ka shiga da rarrafe ka kankare shi, cikin farar shaddarka ta Juma'a. Kada a ba shi fitila mai kyau.

Na uku. Ɗalha, mutumin buro, mai kujerar ofis a Illela. Kai ka ɗauki hoton jirgin ka watsa a waya, ka rubuta a ƙasa wai ga Annabi Nuhu na Malbaza yana jiran ɗufana. Har 'yan tasha sunka kama, in na wuce su ɗaga kai sama su ce, "Baba, hadari bai haɗu ba?" Shekara goma sha shida ka yi lakwal kana karatun boko, ba wanda ya gaya maka abin da ya sami masu yi wa wancan jirgin dariya. Yaron makarantar allo ya sani. Rabonka ga shi: randa za a ja jirgin zuwa baraji, kai za ka yi gaba a ƙasa da doguwar gora, kana ɗaga wayoyin lantarki yana wucewa, daga ƙofar gida har bakin kwalta. Ka sa kwat ɗinka da igiyar wuya. A ɗauki hoto, a watsa.

Ku biyun nan kun yi shekara biyu ba ku ga maciji saboda iyakar gona. Na roƙe ku, kawunku ya roƙe ku, kunka ƙi. Sai ga shi yankan jirgina ya zaunar da ku kan tabarma ɗaya kuna shan shayi. To, shirin ya yi kyau, ku riƙe shi. Dalilin ne za ku sake.

Na huɗu. Salamatu. Ke ba ki ce a sayar ba, ba ki kuma ce kada a sayar ba, kina dai tsinke zogale. Amma ke ce kinka mayar da saman jirgina wurin shanya kuɓewa da barkono, kinka sa kaza ta yi kwanci a ɗakin inji, kina cewa, "Aƙalla dai ya yi wa gida amfani." Har yau in an tayar da inji atishawa ake yi. Ke za ki yi masar suna da kunu, ki wanke labulen tagogi da hannunki. Kuma ki daina jan kunnen ɗanki Habibu, kunnen ya isa haka.

Na biyar. Ɗahiru in ya zo kada a kore shi. A shimfiɗa masa tabarma a gaba, a ba shi goro biyu. Akwai buhu goma sha ɗaya na tsatsar da munka kankare, suna nan jingine ga katanga. Na ba shi kyauta. Shi ma ƙarfe ne, ya auna.

Na shida. Jikana Habibu. Ban ga yaro mai hankali da kyan fuska irinsa ba a ƙasar Konni. Shi ya shiga cikin jirgin nan yana ɗan shekara goma sha uku, ya fito da gemu. Farcensa biyu sun tafi a wurin kankara. Ku ce masa ɗan iska, ku ce ya sa wa ladan kwaɗo a buta, ku ce ya ɗaure wa mai gadin kasuwa takalmi da kujera. Ƙuruciya ce, kuma ladan ya yafe. Na bar masa mabuɗin inji da farar hular kaftin. Babur ɗin Ɗalha ma in da hali a ba shi, ban matsa ba. Abin da na matsa shi ne, duk wani laifi nasa da zai fito fili nan gaba kaɗan, kada a taɓa shi.

Na bakwai, kuma saboda shi na rubuta sauran. A bakin teku ba a sa jirgi ruwa ba suna. In ka sayi tsoho, sai ka kankare sunan mai shi na da har ba alama, ka sa naka, kuma sunan mace ake sawa. Na kankare wancan tun shekarar farko. Shekara biyu ke nan da gama fenti, goshin jirgin fayau, kuna cewa tsufa ya sa na manta. Ban manta ba.

Randa tirela ta tsaya ƙofar gida, duk Malbaza ta fito dariya, har ma'aikatan siminti sunka bar abinci. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Uwarku ta fito da muciya a hannu, ta dubi jirgin sama da ƙasa, ta ce, "Malam, akwai wurin aza tukunya?" Na ce akwai. Ta ce, "To a sa mini tsani." Shekara talatin tana jin labarin teku a bakina, ruwan da ya fi na tafki ba ta taɓa gani ba. Ta hau, ta share ɗakin, ta auna tagogi da kamun hannu, ta ɗinka labule. Ta ce in ya tashi ita za ta fara yin tuwo a tsakiyar ruwa, ta ga ko zai zauna a kwano. Damina ta biyu Allah ya karɓi abinsa. Kwanonta na nan inda ta kife shi, kazar Salamatu ma ba ta taɓa shi ba.

Sunan jirgina Balki. Na rubuta, Balki.

Ranar Asabar da safe, daidai lokacin da kunka ba Ɗahiru, Liman zai yi addu'a, a yanka rago sadaka gare ta, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa unguwa sunan. Babba, kana da ɗiya mai wannan suna. Inna kake ce mata, ko tukunya ta fasa ba ka iya yi mata tsawa, sai ka kau da kai. To ga wata takwarar uwarka a bayan gida. In kana iya riƙe wa Ɗahiru wuta a gaban jama'a, ya fara ta goshi inda sunan yake, bismilla. Ɗalha ya ɗauki hoto.

Bayan haka na yafe muku, amma sai an gama kankara da ɗaga waya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ɗiyan da ba za su auna ku a sikeli ba. Ku riƙe juna, ku riƙe 'yar'uwarku. Duk Sallah ku taru a kan jirgin nan da iyalanku, ku ci daga tukunya ɗaya. Wanda kansa ke juyawa ya zauna tsakiya.

Liman, ɗan dakata, kada ka shafa fatiha tukuna.

Na san tun daga na bakwai Inna Salamatu ta ɗago kai. Kawu Issaka, wato Babba, shi ma ya gane, Kawu Ɗalha ne dai sai an yi masa bayani. Shekara arba'in da aure, wa ya taɓa jin Baba Tsoho ya kira sunan uwargidansa? "Mutanen ɗaki" yake cewa, ko "uwar yaran nan". Abin da ya hana jirgin suna ke nan. Sau uku ina riƙe masa gwangwanin farin fenti, ya hau tsani, ya tsoma burushi, ya tsaya har fentin ya bushe, ya sauko ya ce rana ta yi zafi. Ku ba ku iya faɗin sunan, uwarku ce. Shi ba ya iyawa, matarsa ce. Duk gidan nan jika ne kaɗai bakinsa ke sake. Ni da nake ce mata "Balki matata, ina tuwona", ta bi ni da muciya.

Baba Tsoho ba mutuwa zai yi ba. Jiya tuwo biyu ya ci, ya nemi ƙari. Bai san da wagga takarda ba, bai kuma san da Ɗahiru ba, ban gaya masa ba don likita ya ce kada ransa ya ɓaci. Rago da gora da buhunan tsatsa duk nawa ne, haushin farcena biyu ne. Maganar babur a bar ta.

Amma sunan yana nan. Ranar kasuwar Illela da kunka watse, na hau tsani na rubuta shi da ajami, dama da hagu, kowane baƙi ya kai tsawon hannuna. Matan unguwa sun gani, tun shekaranjiya in za su wuce sai su ce, "Inna, ina kwana." Goron gayya ma ya zaga, sanƙira ya karɓi nasa.

Jiya na je Konni na durƙusa gaban gadonsa, na ce, "Tsoho, na yi ɓarna, na rubuta wa jirginka suna." Ya ce, "Wane suna, ɗan banza?" Na faɗa. Ya juya fuska ga bango, ni kuwa na fara duba ƙofa. Can ya ce, "Rubutun da girma? Sabon idon nan zai gani daga ƙasa?" Na ce ko daga tasha. Ya ce Asabar a zo a ɗauke shi da sassafe, a kawo masa farar riga.

Don haka ranar Asabar zai zauna a gaba, kusa da Ɗahiru. Ku zaɓi abin da za ku ce ya kawo Ɗahiru.

Ni ne na rubuta, Habibu ɗan Salamatu, mijin Balki na wasa. Mai bulala ya same ni a ɗakin sitiyari. Na janye tsani.