Jan Ɗigon Baba Nkwabi

Litinin, 5 ga Yuni
Darasi na uku da masu zuma. Ƙungiyarsu ce ta ɗauke ni in koya musu buɗe bulog, su riƙa tallar zumarsu ba sai ta hannun dillalai ba. Ni kaina kwas ɗin mako biyu na yi a Tabora, amma a nan Sikonge ni ce "Malama Milembe mai kwamfuta". Kullum gabana faɗuwa yake, kar a tambaye ni abin da babu a ɗan littafina.

Dabarata in kwatanta komai da sana'arsu. Bulog rumfarka ce a kasuwa. Daftari zuma ce a bokiti cikin ɗaka, ba wanda ya gani. Ka danna wallafa, ka fito da ita bakin titi. Kabula mai sayar da zuma a tasha ta ce, "To Malama, in ƙuda ya faɗa ciki fa?" Na ce shi ake kira sharhi. Aka yi ta dariya, na samu na tsira yau.

Laraba, 7 ga Yuni
Baba Nkwabi ya tambaye ni. Shi ne babbansu, amya sittin da huɗu gare shi a daji, kuma ko 'ya'yan cikinsa ba su san hanyar ba. Ta gabas yake shiga, ya fito ta yamma. Ya miƙo waya yana nuna wani ɗan jan ɗigo a ƙasan hoto: "'Yata, wannan na mene ne?"

Ban taɓa danna shi ba. Ido ashirin da biyu a kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Alama ce, Baba. Kamar shaidar da kake sara wa itace da gatari, a san amyar taka ce."

Ya gyaɗa kai. "Ashe su ma sun san halin ɓarayi."

Zan duba in na koma gida.

Juma'a, 9 ga Yuni
Ban duba ba.

Asabar, 10 ga Yuni
Kabula ta same ni ina wanki, ko sallama babu. "Malama, kin ga aikin tsohonki?"

Jiya ya dawo daga daji ya wallafa hotunan amyoyinsa guda talatin, kowanne ya manna masa jan ɗigon, yadda yake sara wa itatuwansa shaida. Na danna ɗaya. Taswira ta buɗe, ga rafi, ga dutse, ga daidai itacen. Ɗigon wurin da aka ɗauki hoton yake nunawa. A ƙasa wani marar suna ya rubuta: "Ashe bayan dutsen nan ne. Mun gode, tsoho."

Da kumfar sabulu a hannuna na shiga shafinsa, tunda ni na buɗe masa, na goge komai. Kabula ta taɓe baki. "Goge me? Tun safe hotunan ke yawo a wayoyin 'yan acaɓa."

Saura mako biyu a ɗebi zuma. Amyoyin cike suke.

Lahadi, 11 ga Yuni
A coci na hango Baba Nkwabi a sahun gaba da farin kwat ɗinsa, ya ɗago min hannu yana murmushi. Bai sani ba. Na fita ta ƙofar gefe.

Tsoro nake ji, wallahi. Tsoronsa, da tsoron ranar da gari zai ce Malama ba ta san komai ba. Na yi tunanin in hau motar Mwanza wajen gwaggona. In na yi shiru kuma, wa zai ce laifina ne? Shi ya danna.

Ni na ce masa shaidar gatari ce.

Litinin, 12 ga Yuni
Na je. Yana ƙofar gida yana gyaran wata amya. Na durƙusa na faɗa masa duka. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Lokacin da na tambaye ki, kin sani?"

Na ce ban sani ba.

"To me ya hana ki ce haka? Ni da nake shekara arba'in da ƙudan zuma, har gobe akwai abin da ban sani ba game da su."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai ya ƙwala wa 'ya'yansa kira, Masanja da Shija, ya ce su ɗauko bokitai da igiya. Suka tsaya suna kallon juna. Ya ce, "Ku taho mana, ko sai na goya ku? Yau za ku ga hanya." Hanyar da bai yi niyyar nuna musu ba sai ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

Alhamis, 15 ga Yuni
Sun dawo. An riga su zuwa amya tara, an sa wuta an kwashe, ƙudan sun gudu. Sun ɗebe sauran, amma zumar ba ta gama nuna ba, ruwa-ruwa ce, rabin kuɗi za ta yi. Kabula ce ta gaya min. Ba ta yi tsokana ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

Na zauna na danna kowane maɓalli a shafina, ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ban san aikinsu ba. Na rubuta su a bayan littafi.

Litinin, 19 ga Yuni
Na yi zaton ba wanda zai zo aji. Duk sun zo, har da shi, kuma a kujerar gaba. Na yi bayanin jan ɗigon, na ce kuskure na koyar, ban kalli kowa ba.

Can Kabula ta ɗaga waya. "Malama, wannan mai kama da ƙwado fa, na mene ne?" Yana cikin bakwai ɗin nan. Na ji wani kwatance mai daɗi ya taho har bakina.

Na ce, "Ban sani ba. Kar kowa ya taɓa sai na bincika."

Sai Baba Nkwabi ya gyara zama ya ce, "To, yau aka fara karatu."

Ba wani abu ba ne. Na dai ɗauki alli na ci gaba da darasi.